Binciken tarin fuka: sana'a ce ko ɓata shekaru?

Bashir Ƙaura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Na gama bautar ƙasa, digirina a fannin ƙananan halittu ne. Tun ina aji uku abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda garkuwar jiki ke kokawa da ƙwayar tarin fuka, kuma ina son in bi wannan layin har digirin digirgir. A gida kuma an samo mini gurbi a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa nan Gusau, Baba ya ce in kama. Don Allah wanda ya san hanyar nan ya gaya mini gaskiya, ana cin abinci da ita? Kuma ta ina ake farawa?

Alhaji Lawali: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kama abin da ke hannu. Tibi kuma me ya rage a bincika a kanta? Magani kyauta ne a asibitin gwamnati, rigakafi kuwa tun kafin suna ake yi wa jariri. Duk ga tabon nan a hannunmu na hagu.

Maman Ilham: Alhaji, ka leƙo ɗakin da muke raba maganin wata Litinin da safe, ka ga ko an gama da ita. Wata shida mutum zai yi yana sha. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a haɗe, sauran wata huɗun guda biyu. Ɗaya daga ciki yana mayar da fitsari ja, idan ba ka gaya wa mutum tun farko ba, gobe ba za ka gan shi ba, zai ce jini yake fitsarwa. Da tari ya lafa, nama ya fara dawowa, sai wasu su ajiye kwalin su koma gona. Bayan damina su dawo mana da wadda ba ta jin magani.

Dakta Hadiza: Alhaji, ina wuni. Tabon da ka ambata na allurar BCG ne, kuma tun 1921 ake amfani da ita. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yau ita kaɗai ce rigakafin tibi da aka amince da shi. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, irin wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, amma babba mai tarin huhu, wanda shi ne ke yaɗa ta, kariyarta a kansa ba abin dogaro ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 shi ne mutum miliyan 10.8 sun kamu, kimanin miliyan 1.25 sun rasu. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ita.

Alhaji Lawali: To Dakta, na ji. Amma tambayar yaron ita ce ko ana cin abinci.

Dakta Hadiza: Zan zo kan abincin. Bari in fara gaya wa Bashir abin da zai shiga, don mutane da yawa sunan fannin ke burge su, ba aikin ba.

Bashir, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu. A cikinsu biyar zuwa goma ne kacal cikin ɗari za su kwanta ciwo a tsawon rayuwarsu. Me ya raba waɗannan da sauran? A kan wannan tambayar fannin namu ya ginu. Idan ka shaƙi ƙwayar, wasu ƙwayoyin garkuwa da ke cikin huhu, makirofaj, su ne ke haɗiye ta. A ƙa'ida su narkar da ita, amma ita tana da dabarar hana su, sai ta zauna a cikinsu tana hayayyafa. Daga baya wasu ƙwayoyin garkuwar da ake kira CD4 su iso, su fitar da sinadarin intaferon gama wanda ke zaburar da makirofaj ɗin, sai a yi mata ƙawanya a wani ɗan ƙulli cikin huhu. Kamar a ce an rufe ɓarawo a ɗaki, ba a kashe shi ba, an dai zuba masu gadi. Ranar da gadin ya yi rauni, ko ta ƙanjamau da ke cinye CD4, ko ciwon suga, ko yunwa, sai ƙullin ya ruɓe ta tsakiya ya fashe cikin hanyar iska, mutum ya fara tari yana watsa ta.

Abin da har yanzu ba a warware ba shi ne, wane ma'auni za a duba a jini a ce wannan mutumin a kare yake? Ba mu da shi. Shi ya sa duk sabon rigakafi sai an yi wa dubban mutane a zauna shekaru ana jira a ga wa zai kamu.

Yaya Murtala: Dakta, da girmamawa, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma kina magana ne daga inda wuta ba ta ɗaukewa. Ni nake zaune da na'urar GeneXpert kullum. Ka karɓi kaki, ka zuba masa ruwan haɗi ninki biyu, ka girgiza, ka jira minti goma sha biyar, ka ɗiba ka sa a ɗan kwanson, ka tura cikin na'ura. Cikin awa biyu ta gaya maka akwai ƙwayar ko babu, kuma ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan tibi. Aiki mai sauƙi. Amma a watan Afrilu, Gusau na haura digiri 40, ita kuma ba ta son ɗaki ya wuce 30. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya minti kaɗan, sai ka ga jan rubutu, kwanso ya tafi a banza, ka kira mara lafiya ya sake kawo kaki daga ƙauye. Wannan fa gwajin gano cuta ne kawai. Shi kuma yana maganar binciken garkuwar jiki, mai buƙatar firjin da ke sauka 80 ƙasa da sifili ba dare ba rana. A ina?

Bashir Ƙaura: Yaya, wato ba zai yiwu ba ke nan?

Yaya Murtala: Ban ce ba zai yiwu ba. Na ce ba a nan ba. Kuma idan ka tafi inda ake yi, ba za ka dawo ba. Mun ga irinsu.

Dakta Hadiza: Yaya Murtala, wannan jifan ni aka yi wa, na kuma karɓa. Amma a raba magana biyu. Akwai aikin da lallai sai babban ɗakin bincike. Renon ƙwayar tibi da rai sai ɗaki mai matakin tsaro na uku, inda iska ke shiga ba ta fita sai an tace ta. Ga ta da nawa, kusan wuni guda take ɗauka kafin ta rabu biyu, don haka sai ka jira har mako takwas kafin ka ce kwalba ba ta tsiro da komai ba. Irin wannan ɗakin akwai shi a cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya, akwai a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a Legas. Ware fararen ƙwayoyin jini ma sai cikin awanni kaɗan da ɗibar jinin, in ba haka ba sun lalace.

Amma akwai wanda ba ya buƙatar wannan duka. Gwajin jinin da ke auna intaferon gama, kwalaben suna ba ka har awa goma sha shida kafin ka sa su a ɗumin digiri 37, su kwana, ka juya su a na'ura ka ɗebe ruwan saman ka adana. Gwajin fata ma allura ce da abin awo, ka dawo bayan kwana biyu zuwa uku ka auna kumburin. Wanda ke da sola mai kyau da tsari yana iya wannan a Gusau.

Baba Sani Anka: Salamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin lahiya ne, ban yi karatun da kunka yi ba, amma bari in sa baki. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara a 2010, Bagega da ƙauyukan Bukkuyum, yara sama da ɗari huɗu sunka tahi, duniya duk ta zo. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zauna shekaru. Kowa dalma yake aunawa cikin jinin yara, kuma daidai ne. Amma samarin da ke niƙa dutsen hwa? Na tsaya bakin injin niƙan, irin na hatsi ne anka mai da shi na dutse. Ƙura fara fat, ta ruhe gira da gashin baki, yaro ya ɗaure tsumma a hanci ya ce ya kare kansa. Bayan shekara biyar, shida, sai ka gane shi yana tari, ya rame, hawan ɗan tudu ya gagare shi. A ba shi maganin tibi, wani ya warke, wani ya gama wata shidan numfashin bai dawo ba. Wanga abu wa ke bincikensa?

Dakta Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma. Bashir, ka karanta saƙon Baba sau biyu, domin ya ba ka abin da wasu ke shekara suna nema. Ƙurar dutsen nan silika ce. Makirofaj ɗin da na ambata su ne ke haɗiye ta, ba sa iya narkar da ita, tana kashe su, huhu ya yi ta tabo. Wato tana lalata ainihin ƙwayoyin da ya kamata su tare tibi. A ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu an daɗe da tabbatar da cewa mai wannan ciwon huhun haɗarin kamuwarsa da tibi ya ninka na sauran mutane sau uku zuwa huɗu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin waɗanda ya kamata a gwada a ba su maganin kariya. Amma can manyan kamfanoni ne masu rajistar ma'aikata da hoton ƙirji. Namu masu haƙar gargajiya ne, ga ƙurar silika ga dalma a jiki ɗaya. Yaya garkuwar irin wannan mutumin take amsa ƙwayar tibi? Duk wanda ke da manyan na'urori a Turai ba shi da waɗannan mutanen, ba ya jin yarensu, ba zai iya zuwa inda suke ba.

Yaya Murtala: Shi ma Bashir ɗin ba zai iya zuwa ba. Baba, ka faɗa masa halin hanyar Anka.

Baba Sani Anka: Hanya kam sai addu'a, ba ni ɓoye mai. Amma ai su suna zuwa asibiti da ƙafarsu in ciwo ya ci ƙarfinsu. Kuma tunda gwamnati ta ɗage haramcin haƙar da anka sa a 2019, ƙarshen 2024 ke nan, aikin ƙaruwa zai yi. Abin da ban gani ba shi ne a tambayi mai tari, shekara nawa ka yi kana niƙa dutse, a rubuta.

Malam Umaru Mafara: Tunda an buɗe wannan ƙofar bari likitan dabbobi ya shigo. Ku masu duba mutane kuna mantawa da shanu. Akwai 'yar uwar ƙwayar da ke kama shanu, kuma tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. A mayanka muna ganinta da idonmu: ka tsaga huhun saniya ko kaluluwar ƙirji, wuƙa ta yi ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi, ciki fari-fari mai ɗan rawaya. Mu yanke mu zubar, mahauci yana ta faɗa. Abin da zai ba ku sha'awa, GeneXpert ɗin Yaya Murtala ba ta bambance ta da ta mutane, duk tibi za ta ce. Alhali ita ta shanun tun asali ba ta jin firazinamid, ɗaya daga magunguna huɗun da Maman Ilham ke rabawa. BCG ɗin kanta ma daga ƙwayar shanun aka samo ta, aka yi ta renonta shekara goma sha uku har ta yi laushi.

Maman Ilham: Malam Umaru, ka bar mu mu sha furarmu lafiya.

Malam Umaru Mafara: Hajiya, a tafasa madarar kafin a kwantar da ita, shi ke nan. Masu tafasawa suna da yawa, ba duka ba ne dai.

Alhaji Lawali: An yi ta ilimi, har yanzu ba a gaya wa yaro abin da zai sa a aljihu ba.

Dakta Hadiza: To Alhaji, ga shi ba ɓoye-ɓoye. Ba a yin arziki da wannan aikin. Digiri na biyu shekara biyu ne a takarda, kuma kowa ya tuna yajin aikin 2022 da ya ci wata takwas. Digirin digirgir shekara uku zuwa biyar. Bayan nan ma ba kujera ce ke jiranka ba, kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, kuɗinsa daga tallafin da wani ya nema ya samu. Tallafin ya ƙare, albashi ya ƙare. Da Amurka ta datse kuɗaɗen agajinta a farkon 2025, na san mutanen da suka kwana da aiki suka tashi babu, wasu da digirin digirgir a hannu. Wanda ya samu koyarwa a jami'a shi ke da ɗan tabbas, sai dai ajin ɗalibai ɗari uku ba ya barin mutum ya shiga ɗakin gwaji.

Abin da ke akwai: idan ka samu gurbi mai tallafi, ba kai za ka biya kuɗin makaranta ba, kuma za a ba ka na rayuwa. Shawarata ke nan kullum, kada ka sayar da gonar gado don digirin digirgir a wannan fannin. Sinadaran gwaji kaɗai sun fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. In ba a biya maka ba, ka jira wata shekarar.

Bashir Ƙaura: Anti, ina ne wuraren da ake nema?

Dakta Hadiza: Ba sai ka haye teku ba. A Gambiya akwai cibiyar MRC da ke Fajara, sun daɗe suna bin iyalan masu tibi gida-gida suna nazarin wa ke kamuwa, wa ke tsira. A Gana akwai WACCBIP a jami'ar Legon, suna ɗaukar ɗaliban Afirka ta Yamma, ga kuma cibiyar Noguchi inda Farfesa Dorothy Yeboah-Manu ta yi suna a kan nau'in ƙwayar da ake kira afrikanum, wanda kusan a yankinmu kaɗai ake samunsa. A Habasha akwai cibiyar Armauer Hansen. A Afirka ta Kudu akwai SATVI ta jami'ar Kef Tawun, su gwajin rigakafi ne sana'arsu. Na waje kuma ka riƙa duba tallafin Commonwealth da DAAD ta Jamus. A gida, ka fara da digiri na biyu a Sakkwato ko Zariya ko Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar CAMRET. TETFund kuwa sai ka zama ma'aikacin babbar makaranta tukuna.

Yaya Murtala: Ni kuma da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, cewa zan yi ya bar garkuwar jiki ya bi nazarin yaɗuwar cututtuka. Kwamfuta da rajista kawai kake buƙata. Akwai shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a 2008, waɗanda suka fito daga ciki suna aiki a ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyi. Kuma a nan ne matsalarmu take. A 2019 masu tibi da aka gano a ƙasar nan kimanin 120,000 ne, a 2023 sun haura 360,000. Ba wani sabon ilimin makirofaj ne ya kawo wannan ba. Fita aka yi aka nemo mutane, aka kai na'ura kusa da su.

Dakta Hadiza: Ban musa ba, kuma ko wane layi zai bi, lissafin ƙididdiga da manhajar R wajibi ne, ya fara koyo yau, kyauta ne a intanet. Amma Yaya, nemowa da warkarwa kaɗai ba za su kashe wutar nan ba muddin akwai miliyoyin da ƙwayar ke kwance a jikinsu. Dubi rigakafin M72. A gwajin da aka yi wa manya kimanin 3,500 a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu, ya rage yawan masu kwanciya ciwo cikin waɗanda ƙwayar ke jikinsu da kusan rabi. A 2024 aka fara babban gwajin ƙarshe da mutum wajen 20,000, da kuɗin gidauniyar Gates da Wellcome. Ba a yi na farkon a Nijeriya ba. Wurin gwaji ana zaɓarsa ne inda aka san yawan masu kamuwa a shekara, akwai ɗakin gwaji, akwai ƙwararrun da za su riƙe aikin. Idan kowa ya bi shawararka, ranar da rigakafin ya iso sai mu karɓa mu yi wa mutanenmu ba tare da mun san yadda yake aiki a jikin mai ƙurar dutse a huhu ba.

Yaya Murtala: To bari in faɗi abin da ke cina, tunda an zo nan. Wasu masu bincike sun taɓa zuwa, ba zan faɗi daga ina ba. Ni na tara musu kaki, ni na cika fom, ni na kwana ina gadin firji da janareta. Da takardar ta fito, sunaye goma sha, nawa babu ko a layin godiya. Abin da nake gudar wa Bashir ke nan, ya ƙare a mai tara wa wasu kaki.

Maman Ilham: Wallahi an yi mana irin wannan. Har marasa lafiyar ma ba a dawo an gaya musu abin da aka gani ba, ni suke tarewa a kasuwa suna tambaya.

Dakta Hadiza: Zalunci ne, kuma yana faruwa. Maganinsa a yi maganar suna tun kafin a ɗebi kwalba ɗaya, a rubuce. Kuma wanda ya kawo tambayar, ya rubuta tsarin binciken, ya iya nazarin alƙaluman da kansa, ba a iya ture shi gefe. Wanda hannu kawai ya bayar shi ake mantawa. Don haka Bashir, idan za ka rubuta wa wani farfesa, kada ka aika irin wasiƙar nan ta "ina da sha'awar fanninku", guda hamsin suke samu a wata. Ka karanta takardunsa biyu, ka ce masa ga mutanen da nake gani, ga abin da na lura, ga abin da nake son aunawa. Shafi ɗaya ya isa.

Bashir Ƙaura: Anti, to aikin da Baba ya samo mini fa? In bari?

Dakta Hadiza: A'a, kama shi. Hannun da ya saba da ɗibar jini da awon ruwa daidai yana da daraja a ko wane ɗakin bincike, kuma neman gurbi yana ɗaukar shekara ko fiye. Ka dai duba maganar lasisi, don digirin ƙananan halittu daban yake da na kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, akwai ayyukan da doka ba ta ba ka damar sa hannu a kansu ba.

Alhaji Lawali: Ashe dai maganata aka dawo.

Maman Ilham: Rabinta, Alhaji.

Bashir Ƙaura: Yaya Murtala, ko zan iya zuwa in duba rajistarku, in ga masu haƙar zinariya nawa ne a ciki?

Yaya Murtala: Rajista ba a buɗe wa kowa, sunayen mutane ne da sirrinsu. Sai ka rubuta tsarin bincike, kwamitin ɗa'a na ma'aikatar lafiya ya amince, sannan mai kula da shirin tibi na jiha ya sa hannu. Kuma ko an buɗe maka, wurin sana'a yawanci "manomi" za ka gani, don ba mai cewa haƙa yake yi lokacin da aka hana. Sai dai a fara tambaya daga yanzu, da dabara, kamar yadda Baba Sani ya ce. Idan kallon aiki kake so, zan nema maka izini wurin shugabanmu. Ka zo Laraba da sassafe kafin zafi ya taso, kuma ka zo da takunkumin N95, ba na ƙyalle ba.

Baba Sani Anka: In kun tashi rubuta tambayoyin ku turo man in gani. Kada ku ce "haƙar ma'adinai", ba mai amsa muku. Ku tambaye shi ko ya taɓa aikin dutse, rami yake shiga ko inji yake tsayawa, kuma niƙan jiƙe ne ko busasshe.